Yadda Jiki Ke Ƙera Jajayen Ƙwayoyin Jini da Sabunta Su: Tambayoyi da Amsoshi

Da yawanmu muna ɗaukar jinin jiki kamar ruwan randa: an cika tun farko, in ya zube ya ragu, sai a nemo a ƙara. Ai kuwa jini ya fi kama da rafi, kullum wani na wucewa wani na isowa. Jajayen ƙwayoyin da ke yawo a jikinka yau, nan da wata huɗu da wuya a sami ko ɗaya da ta rage a cikinsu. Ga tambayoyin da aka fi yi kan wannan aiki da jiki ke yi dare da rana ba tare da mai jikin ya sani ba.

Mene ne ma jajayen ƙwayoyin jini?

Idan ma'aikacin ɗakin gwaji ya ɗebi jini a 'yar kwalba ya sa ta a injin da ke wulwula ta da sauri, bayan 'yan mintoci zai fito da ita jinin ya rabu. A sama akwai ruwa garai mai ɗan rawaya. A ƙasa wani abu ja mai kauri ya kwanta, ya cinye wajen kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari na kwalbar. Tsakaninsu wani siririn zare ne fari-fari, nan fararen ƙwayoyi da masu daskarar da jini suka taru. Jan da ya kwanta a ƙasa shi ne jajayen ƙwayoyin, kuma yawan kason da suka ci shi ake rubuta wa mutum a takardar gwaji da sunan PCV.

Kowace ƙwaya kamar ɗan faifai take, mai lotsawa a tsakiya ta gaba da baya. Ƙanƙantarta ta kai a jera wajen 130 kafin su cika milimita ɗaya. Cikinta dam yake da himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai wa sassan jiki, wajen miliyan 270 a ƙwaya guda. Shi ne kuma ya ba jini launin ja. Babban mutum yana ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyi kimanin tiriliyan 25 a cikin jinin da bai wuce lita 5 ba.

Zuciya ce ke ƙera su?

A'a, zuciya turawa kawai take yi. Masana'antar tana cikin ƙashi, wato ɓargo. Wani likita Bajamushe, Ernst Neumann, shi ya nuna haka a 1868.

Ɓargo iri biyu ne. Wanda ya taɓa ganin an fasa dogon ƙashin dabba ya san farin ɓargon nan mai maiƙo da ke tsakiyarsa. Wannan kitse ne, ba ya aikin jini. Jan ɓargo kuwa yana ɓoye cikin 'yan ramukan ƙashi masu kama da soso. Jariri kusan duk ƙasusuwansa jan ɓargo ne. Yana girma kitse na maye gurbi, har ya zama a jikin babba aikin ya koma ƙashin ƙugu, ƙashin baya, haƙarƙari, ƙashin ƙirji, ƙoƙon kai, da kawunan ƙashin cinya da na dantse. Shi ya sa idan likita zai ɗebi ɓargo don gwaji, bayan ƙugu yake nufa da allurarsa.

Kafin haihuwa kuwa aikin ƙaura yake yi. Yana farawa a wata 'yar jaka da ke manne da tayi a makonnin farko, ya koma hanta da saifa, sai can a watannin ƙarshe ɓargo ya karɓa.

Guda nawa jiki ke yi?

Sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa, wato wajen biliyan 200 a yini. Adadin da ke mutuwa ma haka yake, shi ya sa lissafin ke tsayawa daidai.

Ta yaya ƙwaya ɗaya ke tasowa?

A cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyi 'yan kaɗan da za a iya kira iyayen jini. Duk wata ƙwayar jini, ja ko fara, daga tsatsonsu take. Idan uwar ta rabu biyu, ɗaya na iya zama uwa kamar ta farko, ɗayar ta kama hanyar zama wani abu. Da haka rumbun ba ya ƙarewa har tsufa. James Till da Ernest McCulloch ne suka tabbatar da samuwarsu a Toronto ta Kanada, a gwajin da suka yi da ɓeraye a farkon shekarun 1960.

Wadda ta kama hanyar zama ja tana farawa ne ƙatuwa, da babbar cibiya a tsakiyarta, wato ɗakin da ke riƙe da bayanan gado. A madubin likita, idan an rina ta, shuɗiya ake ganinta, babu alamar ja ko kaɗan. Sai ta yi ta rabuwa, kowane zubi 'ya'yan na ƙara ƙanƙancewa suna tara himoglobin, launinsu na juyawa daga shuɗi zuwa toka-toka zuwa ja. Duk wannan a kewaye da wata babbar ƙwaya suke yinsa, mai suna makurofaj, sun yi mata zobe kamar 'yan tsaki da kaza. Ita ke kula da su har su ƙosa.

Mataki na ƙarshe shi ya fi ba ni mamaki. Ƙwayar sai ta tattara cibiyarta gefe guda ta tofar da ita waje, makurofaj ta haɗiye. Abin da ya rage shi ake kira retikulosait, budurwar ƙwaya ke nan. Ta kutsa ta bangon jijiya ta faɗa cikin jini, cikin kwana ɗaya zuwa biyu ta kammala nuna. Daga lokacin da aka fara gane ta a matsayin mai zama ja zuwa fitowarta, kimanin mako guda ne.

Me ya sa za ta zubar da cibiyarta?

Don ta sami wuri, kuma ta sami laushi. Akwai siraran jijiyoyin da suka fi ta ƙanƙanta, dole sai ta lanƙwashe ta naɗe kafin ta wuce, kuma da ƙullutu a ciki hakan zai yi wuya. Ba cibiya kaɗai take zubarwa ba, har da 'yan injinan da sauran ƙwayoyin jiki ke ƙona oksijin da su. Saboda haka ba ta taɓa ko ɗigo daga kayan da aka ba ta dako.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Ƙwayar da ba ta da cibiya ba ta haihuwa, ba ta kuma iya gyara kanta idan ta lalace. Da abin da ta fito da shi daga ɓargo za ta rayu har ya ƙare, kimanin kwana 120. Tsuntsaye da kifi da ƙadangaru ba su bi wannan hanya ba, nasu ƙwayoyin suna nan da cibiyarsu.

Wa ke gaya wa ɓargo ya ƙara ko ya rage?

Ƙoda. Mutane kan yi mamakin jin haka, don an fi saninta da tace fitsari. Wajen kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa ta ƙoda yake bi, kuma a cikinta akwai wasu ƙwayoyi da ke auna yawan oksijin da ke isowa. Da sun ji ya ragu sai su saki wani sinadarin aike mai suna iritiropoyetin, wanda aka fi sani da EPO. Shi zai bi jini ya isa ɓargo. Abin da yake yi a can shi ne ya hana ƙananan ƙwayoyin mutuwa tun suna kan hanya, domin a kullum ɓargo na fara renon fiye da abin da ake buƙata, wasu su mutu kafin su nuna. EPO na ƙaruwa, masu tsira na ƙaruwa. Idan oksijin ya dawo daidai ƙoda ta sassauta. In abu ya yi tsanani, lafiyayyen ɓargo na iya ninka aikinsa sau shida zuwa takwas.

Lura da cewa ƙoda ba ƙidayar ƙwayoyi take yi ba, oksijin kawai take ji. Don haka duk abin da ya rage oksijin, ko ciwon huhu ne ko hayaƙin taba, zai iya sa ta yi ta aike.

An daɗe ana zargin akwai irin wannan sinadari kafin a kama shi. Sai a 1977 Eugene Goldwasser na Jami'ar Shikago da Takaji Miyake na Japan suka tace shi tsantsa, daga fitsarin marasa lafiya sama da lita 2,500. A 1989 Amurka ta amince da na roba a matsayin magani, wanda ya sauya rayuwar masu wankin ƙoda, domin ƙodar da ta lalace ba ta iya aika wa ɓargo saƙo, kuma kafin nan da ƙarin jini a kai a kai suke rayuwa. Yadda ƙwayoyin jiki ke jin ƙarancin oksijin ɗin kuwa, bincikensa ne ya ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019.

Da gaske ne mazauna kan tsaunuka sun fi yawan jini?

Gaskiya ne. A wuri kamar La Paz ta Bolibiya, mai tsayin wajen mita 3,600, kowane numfashi oksijin kaɗan yake kawowa, sai ƙoda ta sa ɓargo ya cike giɓin. Wani likitan Faransa, François Viault, ya auna jinin kansa a tsaunukan Peru a 1890, ya ga ƙwayoyin sun ƙaru cikin 'yan makonni. Shi ya sa 'yan gudun dogon zango ke zuwa atisaye a kan tudu. Masu son banza kuma suka gano allurar EPO. Ɗan tseren keke Lance Armstrong ya amsa da bakinsa a 2013 cewa ya yi amfani da ita. Hatsarin shi ne jinin ya yi kauri har ya toshe jijiya.

Da waɗanne kaya ake ƙera su?

Uku ne suka fi yawan yankewa: sinadarin ayon, wato ƙarfen da ke tsakiyar himoglobin inda oksijin ke maƙalewa, sai bitamin B12, sai folik asid. Idan ayon ya yi ƙaranci ƙwayoyin kan fito ƙanana, koɗaɗɗu, tsakiyarsu fari fat a madubi. Idan B12 ko folik asid ne babu, rabuwar ce ke gagara, sai su fito manya-manya amma 'yan kaɗan, da yawa ma su mutu tun a ɓargo. Shi ya sa girman ƙwaya kaɗai kan nuna wa likita inda zai dosa.

Hanta na ajiye B12 da zai kai shekaru, folik asid kuwa 'yan watanni ne ya ƙare. Kuma B12 ba ya shiga jiki sai da taimakon wani sinadari da tumbi ke fitarwa. Wanda tumbinsa ya daina fitar da shi, a da ajalinsa ke nan, har George Minot da William Murphy suka nuna a 1926 cewa ciyar da irin waɗannan majinyata hanta mai yawa na tashinsu. Su da George Whipple suka sami Nobel a 1934. Yau allura ake yi.

Ina tsofaffin ƙwayoyi ke mutuwa?

Mafi yawa a saifa da hanta. Saifa tana ɓangaren hagu ƙarƙashin haƙarƙari, kuma cikinta akwai wasu tsagogi da faɗinsu bai wuce maikuromita 1 zuwa 2 ba (maikuromita kashi ɗaya ce cikin dubu na milimita), alhali ƙwayar tana da 7 zuwa 8. Kowace sai ta matse ta wuce. Mai ƙuruciya ta zille sumul. Wadda ta kwana biyu, fatarta ta yi tauri, sai ta maƙale, ga kuma alamun tsufa da suka bayyana a jikinta, nan take makurofaj ta cafke ta. Ka ga irin ƙwayar da ta yi renonta a ɓargo, irinta ce ke yi mata sutura.

Sai a yi yaya da gawar?

Nan ne jiki ke nuna tattalinsa. Ana farke himoglobin gida uku. Ɓangaren furotin a warware shi a mayar cikin kayan gini. Ayon a ɗora wa wani sinadarin dako ya mayar da shi ɓargo. Duba lissafin: ɓargo na buƙatar ayon miligiram 20 zuwa 25 kullum, amma abin da hanji ke tsotsa daga abinci bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. Ragowar duk daga gawar tsofaffin ƙwayoyi yake fitowa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na ukun, wato zoben da ayon ke zaune a ciki, shi ne jiki ba ya so. Yana juyewa kore, sannan ya zama rawaya mai suna bilirubin. Hanta ta karɓe shi ta zuba cikin ruwan maɗaciya ya gangara hanji. Shi ke rina bayan gida ya yi ruwan ƙasa, ɗan abin da ya koma jini kuma ya ba fitsari launinsa.

Kana iya ganin wannan aiki da idonka. Ka buge a ƙwauri jini ya kwanta ƙarƙashin fata: ranar farko wurin ya yi duhu, bayan kwanaki gefensa ya soma kore-kore, daga baya ya koma rawaya ya ɓace. A fata mai haske ya fi fitowa sarai. Makurofaj ne ke kwashe gawarwakin a gabanka.

Me ya sa jarirai ke yawan yin shawara?

Jariri na zuwa da jajayen ƙwayoyi masu yawa, kuma nasa ba sa kaiwa kwana 120, tsakanin 60 da 90 suke mutuwa. Bilirubin ya taru, hantar kuma ba ta gama ƙwarewa ba. Yawanci rawayar kan fito a rana ta biyu ko ta uku ta baje cikin mako ɗaya zuwa biyu. Amma idan ta bayyana tun ranar haihuwa, ko tana ƙara tsananta, ko jaririn ya ƙi kama nono yana yawan barci, a garzaya asibiti. Bilirubin mai yawa na taɓa ƙwaƙwalwa, kuma hasken shuɗiyar fitila da ake sa jariri a ƙarƙashinsa yana saukar da shi.

Idan na ba da jini, yaushe zai dawo?

Leda ɗaya wajen mililita 450 ce, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na jinin babban mutum. Ruwan yana dawowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Jajayen ƙwayoyin kan ɗauki mako 4 zuwa 6. Ayon ne mai jinkirin dawowa: ledar ta tafi da miligiram 200 zuwa 250, kuma mun ga yadda hanji ke tsotsarsa kaɗan-kaɗan, don haka cike rumbun na iya cin watanni. Dalilin sa tazara ke nan. A Amurka kwana 56 ne, a Ingila mako 12 ga maza, 16 ga mata.

Jinin da aka ƙara wa mutum yana zama nasa har abada?

Aro ne. Ƙwayoyin za su yi aiki na wasu makonni su mutu kamar kowace, kuma ba sa haihuwa. Ko a firjin asibiti ba sa wuce kwana 35 zuwa 42. Dashen ɓargo ne kaɗai ke sauya masana'antar kanta, har rukunin jinin majinyaci ya koma na wanda ya ba shi.

To ƙarancin jini fa, daga ina yake?

Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran sa ƙarancin jini idan himoglobin ya gaza giram 13 a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ta jini ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai juna biyu (10.5 a watanni uku na tsakiyar ciki). Mai shi kan ji kasala, haki da ɗan tafiya, bugun zuciya, jiri idan ya miƙe. Likita ya ja fatar idonsa ta ƙasa ya ga cikin ya koɗe, tafin hannu ma haka.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Ƙarancin jini alama ce, kuma ƙofofinsa uku ne: ko ba a ƙerawa yadda ya kamata, ko jinin na zuba, ko ƙwayoyin na mutuwa kafin lokacinsu. Rashin ƙerawa na iya zama rashin kayan aiki, ko ciwon ƙoda, ko doguwar jinya, ko cutar ɓargon kansa. Zuba kuwa ba lallai a gan ta ba. Jinin al'ada mai yawa, gyambon ciki, basir, tsutsar ciki mai shan jini, ko ciwon daji na hanji, duk suna ɗiba kaɗan-kaɗan, kuma kowace mililita na fita da ayon wajen rabin miligiram, wanda ba zai koma ɓargo ba.

A ganina babban kuskuren da ake yi shi ne a ji an ce jini ya yi ƙasa sai a kama shan maganin ƙarin jini ba tare da an tambayi ta wace ƙofa ya fita ba. Namiji babba, ko macen da ta daina al'ada, idan ayon ɗinsu ya ƙare, dole a binciki hanjinsu. Zuba ayon a jikin da ke yoyo ɗiban ruwa ne da kwando. Ga wanda kuma matsalarsa ba ta ayon ba ce, maganin na iya cutar da shi, domin jiki ba shi da hanyar fitar da rarar ayon, sai ya taru a hanta da zuciya. A kuma nesanta ƙwayoyin maganin daga yara, guba ne gare su idan suka sha da yawa.

Idan an dace da magani, ɓargo ba ya ɓoye farin cikinsa: cikin mako guda sababbin ƙwayoyi ke cika jini. Amma akan ci gaba da shan ayon wajen wata uku bayan himoglobin ya daidaita, don a cike ma'ajiya.

Mai sikila fa?

Ɓargonsa lafiya lau yake, har ya fi na kowa aiki. Himoglobin ɗin ne ke da tangarɗa ta gado, idan ya sauke oksijin sai ya sandare ya lanƙwasa ƙwayar kamar lauje. Irin wannan ƙwaya kwana 10 zuwa 20 take yi. Ɓargo na gudu, mutuwa na gabansa, shi ya sa jinin ke zama ƙasa kullum, idanu su yi rawaya saboda yawan bilirubin, kuma ake ba shi folik asid. Ƙaramar cutar da za ta tsayar da ɓargo na mako guda, wadda mai lafiya ba zai ma ji ta ba, tana iya kayar da mai sikila.

Zazzaɓin cizon sauro ma ta wannan ƙofa yake ɓarna. Ƙwayar cutar na shiga cikin jar ƙwaya ta ci himoglobin ta hayayyafa ta fasa ta, saifa kuma ta yi ta kwashe har da waɗanda ba su kamu ba.

Wanda aka cire wa saifa, ina nasa ke mutuwa?

Hanta ta karɓi aikin. Abin da ya fi damun likitoci a kansa shi ne kamuwa da wasu cututtuka, don saifa na tace ƙwayoyin cuta ma, shi ya sa ake yi masa rigakafi.

Me ya haɗa wannan da gwajin sukari na wata uku?

Sukarin da ke cikin jini na manne wa himoglobin, kuma in ya manne ba ya sauka sai ƙwayar ta mutu. Gwajin HbA1c na auna yawan wanda sukari ya manne wa, sai ya ba da labarin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ga wanda ƙwayoyinsa ke mutuwa da wuri, ko aka ƙara masa jini kwanan nan, sakamakon na iya yaudara.

Ba za a iya ƙera su a ɗakin gwaji a huta da neman masu bayarwa ba?

An fara gwadawa. A 2022 masu bincike a Birtaniya, ciki har da na Jami'ar Bristol, sun sanar da cewa sun ƙara wa mutane jajayen ƙwayoyin da aka rena a ɗakin gwaji daga iyayen jini na masu bayarwa. Abin da aka sa wa kowane mutum mililita 5 zuwa 10 ne, ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu. Fatan shi ne, tunda duk sababbi ne, za su fi daɗewa a jiki, wanda zai taimaki masu rukunin jinin da ke wuyar samu. Renon kan ci wajen mako uku, a tashi da ƙwayoyi masu amfani kimanin biliyan 15. Ɓargon mutum ɗaya na fitar da wannan adadi cikin ƙasa da awa biyu.